Kalmar Sirrin Inna Zainaba

Akwai wani suna da wata mata a Kibiya ta shekara ashirin da tara ba ta furta da bakinta ba. Ba wai ta tsani mai sunan ba ne. Ɗanta ne na fari.

Sunan matar Inna Zainaba, gidanta yana bayan tashar mota. Mijinta malamin allo ne, ya rasu da jimawa, ya bar mata 'ya'ya biyu, Nasir da ƙanwarsa Ikram. Kun dai san iyayenmu da kunyar ɗan fari. Ko da wasa ba ta cewa Nasir. In za ta kira shi sai ta ce Ɗanmalam, in ya ɓata mata rai ta ce "kai wannan". Ko wani Nasir ɗin daban aka zo nema a unguwa, cewa take yi, "Au, mai sunan yaron nan? Ya fita."

Nasir a Kano yake zaune. Aikinsa haɗa wa makarantu da ofisoshi intanet, kullum yana kan tsani da waya a kafaɗa. Abu ɗaya ne yake damunsa: gidansu babu sabis ɗin kirki. In ya kira Inna sai ta fito tsakar gida ta tsaya kusa da turmi, ta ɗaga wayar sama, su yi ta "kina ji na?" "kana ji na?" har kiran ya yanke.

Wata Asabar sai ga shi da kwali a hannu. Ya kafa doguwar sanda a kan katanga, ya ɗaura ƙaramin faifan sola, ya ja waya har cikin ɗakinta. A kan kabad, kusa da jeren kwanukanta, ya ajiye wani ɗan farin akwati mai fitila koriya.

"Inna, wannan sunansa rauta," in ji shi. "Shi zai riƙa ɗebo sabis daga waje yana zubawa a cikin gida, wayarki ta sha ba tare da igiya ba. Shi ne Wi-Fi ɗin da kike ji ana faɗa."

"Wai-fai," ta maimaita, tana kallon akwatin kamar zai yi magana.

Ya karɓi wayarta ya nuna mata. "Kowane Wi-Fi yana da suna, don a bambanta shi da na maƙwabta. Karanta naki."

Inna Zainaba ta yi makarantar yaƙi da jahilci, tana haɗa baƙi a hankali. Ta ƙura ido. "Ɗan... malam." Ta harare shi. "Ka rasa sunan sawa?"

"Kin ga ɗan kwaɗon nan a gefen sunan? Shi ne makulli. Ba wanda zai shiga sai da kalmar sirri. Kuma ba ƙofa kaɗai yake rufewa ba, Inna. Duk maganar da ke tashi daga wayarki zuwa akwatin nan a iska take tafiya, kwaɗon ne yake nannaɗe ta yadda na waje ba zai gane ba."

"To mece ce kalmar?"

Sai ya fashe da dariya. "Sunana ne. Na haɗa shi da wasu lambobi da alamomi. A wurin aiki da sun ji na sa sunana da sun yi min ba'a, don ba a son abin da mutum zai iya cinka. Amma ni na san duk Kibiya babu ma'aji irin bakinki. Ko da bulala ba za ki faɗa ba."

Ta jefe shi da mafici. Ya kauce yana dariya, Ikram tana taya shi daga bakin ƙofa.

Daga ranar, kullum bayan sallar asuba sai saƙon murya ya shigo mata ta WhatsApp. Ba wasu manyan maganganu ba ne. "Inna, kin tashi lafiya? Jiya na ci ɗanwake a bakin kasuwa, wallahi bai kama ƙafar naki ba." Ko kuma, "Inna, yau rufin da zan hau bene uku ne, a sa ni a addu'a." Sau da yawa yakan rufe da tsokanarsa: "Wai Inna yaushe za ki kira sunana ne? Sau ɗaya dai, in ji yadda yake fita a bakinki."

Ita kuma ta danna ta mayar masa da amsa ɗaya: "Allah ya shirye ka."

Shekara guda da rabi suna haka.

Ranar wata Juma'a da damina, Nasir ya taso daga Kano zai zo gida. Saura kaɗan su shiga Rano tayar motarsu ta fashe. Mutum uku suka rasu, yana cikinsu. Wayarsa a cikin gonar dawa aka tsinto ta, ta rabu gida biyu, ba abin da ya moru.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan tsaya ba ku labarin ranar ba, don ni kaina ba na son tunawa. Abin da kowa ya shaida shi ne Inna Zainaba ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ɗan fari ne. Tana zaune a kan tabarma tana amsa gaisuwa, "Haƙuri na Allah ne," har aka watse.

Kukanta na safiya ne. In ta idar da asuba sai ta tura ƙyaure, ta ɗauki wayar. Abu na farko da take gani a sama shi ne sunan nan, Ɗanmalam, da ɗan kwaɗonsa. Sai ta buɗe tsofaffin saƙonni ta kara a kunne. Kullum guda ɗaya take ji, ba ta ƙarawa, kamar mai tattalin magani. In ta kai ƙarshensu ta koma farko.

Abokan aikin Nasir, Allah ya saka musu, suka ɗauki nauyin zuba wa akwatin data duk wata, suka ce sadaka ce gare shi.

Wata safiya Ikram ta turo ƙofa ba zato, ta ji muryar yayanta tana fita daga wayar. Ta tsaya cak. Da ma a Kano take karatun kwamfuta, Nasir ne ya sa ta a hanyar.

"Inna, ba ni wayar minti goma in yi wa saƙonnin nan ajiya a wani wuri. Waya ba ta da tabbas."

Inna Zainaba ta tura wayar ƙarƙashin sallaya. "Waɗanne saƙonni? Wa ya ce miki ina jin wani abu? Hannuna ne ya taɓa."

Ikram ta ga idon mahaifiyarta, ta kasa matsawa. Ta ce a ranta sai wani zuwan. Bayan an yi arba'in ta koma makaranta.

To, a kwanakin makoki Ikram ta saka wa 'yan gaisuwa da yawa kalmar sirrin a wayoyinsu, labari kuma ya zaga cewa gidan marigayi Malam akwai sabis mai ƙarfi. Sai mutane suka fara sallama. Yau matar da mijinta ke ci-rani a kudu tana son ta ga fuskarsa. Gobe ɗalibin da zai duba sakamakon jarrabawa. Jibi direban da zai tura hoton kaya ga mai su.

"Inna, don Allah mece ce kalmar?"

Ina bakin faɗa? Da can kunya ce kaɗai ta hana ta. Yanzu kunyar ta haɗu da zafin rashi. Sai ta ce, "Ban riƙe ba," su tafi. Wannan abu ya dame ta ƙwarai. Matar da ba ta taɓa hana maƙwabci garwashin wuta ba, yau ita ce ake fita gidanta hannu rabbana.

A nan Sallau ya shigo labarin. Ƙanin marigayi mijinta ne, direba, yana jigilar Kibiya zuwa Rano zuwa Kano. Mutumin kirki ne, ba na ɗauke masa wannan. Duk abin da ya taso a gidan shi ne a gaba. Cutarsa ɗaya: bai taɓa cewa "ban sani ba". In injin jirgin sama aka kawo, Sallau zai ce a miƙo sifana.

"Yaya, mene ne abin damuwa?" ya ce. "A cire kwaɗon gaba ɗaya mana. Kowa ya sha, ladan ya je wa yaron. Ai sadaka mai gudana ke nan."

Maganar ta shige ta. "Za a iya?"

"Ni kuwa? Ba ni allura."

Ya juya akwatin, ya soka allura a wani ɗan rami, ya riƙe. Fitilar ta mutu, ta dawo. Duk abin da Nasir ya tsara ya goge, akwatin ya koma yadda ya fito daga kwali. Inna Zainaba ta duba wayarta, sai ta ga babu Ɗanmalam. Wasu baƙaƙe ne da lambobi a wurin.

"Sallau! Ina sunan?" Ta miƙe tsaye. "Ina ka kai sunan?"

Bai taɓa ganin ta haka ba, ko ranar jana'iza. Gumi ya karyo masa. Ya bi rubutun da ke manne a gindin akwatin, ya yi ta latse-latse, har Allah ya taimake shi ya mayar da sunan. Ɗanmalam ya dawo, amma babu kwaɗo a gefensa. Ya haɗa mata wayarta, ya ce daga yau da kanta za ta riƙa shiga.

Da Ikram ta ji a waya, sai da ta ce inna lillahi.

"Inna, ku mayar da kwaɗon. Wi-Fi ɗin da ba shi da makulli, waya da suna kaɗai take gane shi. Duk wanda ya ga dama zai iya buɗe nasa ya sa masa Ɗanmalam, wayarki ta bi shi tana zaton na gida ne."

Sallau yana gefe, ya karɓi wayar. "Ke Ikram, karatun naki kada ya koya miki rowa. Iska ce fa. Iska ake kullewa?"

"Baffa, ba rowa ba ce. In na zo zan buɗe wa baƙi nasu daban, da nasu makullin."

"To sai kin zo," ya ce, ya kashe.

Ita kuwa Inna Zainaba, gaskiya daɗi take ji. Dakalin ƙofar gidanta ya zama majalisa. Direbobi, 'yan kasuwa, ɗalibai, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Duk wanda zai tashi sai ya ɗaga murya, "Inna, Allah ya jiƙan Ɗanmalam!" Ita kuma daga cikin gida ta amsa da amin. Wace uwa ce za ta ce a rufe wannan?

A cikin masu zaman dakalin akwai wani baƙo mai tsabta, da 'yar jaka baƙa. Ya yi kamar mako yana zuwa. Yana gaishe da kowa, yana sayen gyaɗa ya raba. Ba wanda ya tambaye shi daga ina yake. Shi kuma ba sabis ya kawo shi ba, lissafi yake yi. Ya lura mafi yawan mutanen nan kullum sai sun bi ta tashar Rano, kuma duk wayoyinsu sun haddace suna ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wata ranar kasuwa Inna Zainaba ta je Rano sayen zaren saƙa. Ta gama, ta zauna a benci a tasha tana jiran motar Kibiya ta cika. Sai wayarta ta yi ɗan ƙara. Ta ciro ta daga bakin zani.

A saman allon, a tsakiyar Rano, nesa da ɗakinta da kabad ɗinta, ga shi nan a rubuce: Ɗanmalam.

Ta waiga dama, ta waiga hagu. Maganar Ikram ko kusa ba ta faɗo mata ba. Abin da ya faɗo mata shi ne ba nisa da garin nan motarsu ta kife. Ta ji kamar yaron ne ya hango ta a cikin taro ya taho gaishe ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye suna zuba.

Wani shafi ya buɗe da kansa, da Hausa tsaf: "Barka da zuwa Ɗanmalam. Saka lambar wayarka don ci gaba." Ta saka. Sai saƙo ya shigo da lambobi shida da wani dogon Turanci. Turancin gargaɗi ne, cewa kada a ba kowa lambobin nan, amma wa zai karanta mata? Shafin ya ce, "Saka lambobi shidan da aka turo." Ta saka su ɗaya bayan ɗaya, har tana gyara wanda ta kuskure.

Da wani suna ne daban, wallahi da ba ta taɓa ba. Mace ce mai taka-tsantsan, ko canji sai ta duba sau biyu. Amma wa zai ce mata ta yi zargin Ɗanmalam?

Mai baƙar jaka yana zaune a rumfar mai shayi, da 'yar na'urarsa a cikin jakar, wadda ya buɗe Wi-Fi da ita ya sa masa Ɗanmalam. Lambobi shidan nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinta. Kafin motar Kibiya ta tashi ya riga ya buɗe shi a tasa wayar. Ba ita kaɗai ba, a ranar direbobi huɗu ya kama da wannan tarkon.

Washegari bayan asuba ta tura ƙyaure, ta ɗauki waya. WhatsApp ya ƙi buɗewa, sai wani rubutu yake nuna mata. Ta latsa, ta sake latsawa. Ranar ce safiya ta farko tun rasuwar da ba ta ji muryarsa ba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga ƙanwarta Maijidda daga Rurum, a kan babur, ko mayafi ba ta daidaita ba.

"Yaya, wa ke riƙe da wayarki?"

"Ga ta nan a hannuna. Lafiya?"

Maijidda ta ciro tata ta karanta da ƙarfi: "Salamu alaikum, ni ce Zainaba. Ina so in haƙa rijiya sadaka ga ɗana Nasir. Duk abin da Allah ya hore a turo ta wannan asusun." Ta sauke wayar. "Da hotonki da komai. Har na fara kuka zan tura. Sai na sake karantawa na ga an ce ɗana Nasir. Na ce ƙarya ne! Yayata ko a gaban alƙali ba za ta faɗi sunan nan ba. Na bi dangi ɗaya ɗaya na ce kada wanda ya tura ko sisi."

Ɓarawon ya san sunan marigayi, ya san sunan uwarsa, ya san hanyar tasha. Abin da bai sani ba shi ne kunyar Inna Zainaba. Duk wanda ya san ta da gaske bai faɗa ba. Amma akwai na nesa, tsofaffin ɗaliban Malam da abokan Nasir na Kano, waɗanda tausayi ya riga tunani.

Inna Zainaba ta zauna daɓas a bakin rijiya. Ana bara da sunan ɗanta, yana kabari. Wannan ya fi mata komai ciwo.

Aka kira Ikram. Tana tsakiyar jarrabawa, saura takarda ɗaya da yamma.

"Inna, ki saurare ni da kyau. Kada kowa ya taɓa wayar nan. Ki ajiye ta kawai. Gobe da sassafe ina tafe, zan gyara komai."

Sallau ya iso, ya ji abin da ya faru, hankalinsa ya tashi, don ya san da hannunsa a ciki. Mai laifi kuma gaggawar gyara gare shi.

"Gobe? Kafin gobe ai ya gama yashe jama'a! Yaya, ɓarawon nan a cikin wayar yake. Kawo in kai Rano a wanke ta, a yi mata filashin. Yanzu yanzu za a kore shi."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ɓarawon ba ya cikin wayar, yana can da tasa. Wanke wannan ba zai taɓa shi ba.

"Yarinyar ta ce a jira," in ji Inna Zainaba.

"Yarinya ce fa. Sunan gidanmu ake zubarwa a titi."

Ta riƙe wayar da hannu biyu. "Akwai... akwai wasu abubuwa a ciki."

"Hotuna? Ai Ikram tana da su."

Ta buɗe baki. Kalma biyar ce kawai za ta faɗa: muryar yaron nan tana ciki. Amma a gaban ƙanin mijinta? Ta ce masa kullum tana kulle ɗaki tana sauraren ɗan fari tana kuka? Bakin ya rufe. Kuma ta ji ya ce wankewa. A saninta, in an wanke zani datti ne yake fita, zanin yana nan.

Ta miƙa masa.

A Rano, mai gyaran waya ya yi abin da ya kamata, ya tambaya. "Alhaji, akwai abin da ake buƙata a ciki? In na yi, komai zai tafi fa."

"Babu komai," in ji Sallau. "Ta tsohuwa ce, kira kawai take yi."

Da la'asar ya dawo da ita fes, har da sabon gilashi a fuska, kyauta daga gare shi.

Ikram ta iso washegari da hantsi, ko jaka ba ta sauke ba ta ce a ba ta wayar. Tana kunnawa ta ga allon maraba irin na sabuwar waya. Ta shiga ma'ajiyar fayiloli. Wayam. Ta sake shiga wani wurin. Wayam.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Sallau. "Na kai an wanke ta."

"Baffa..." Ta ɗago ta dube shi. "Saƙonnin Yaya Nasir suna ciki. Muryarsa. Ɓarawon lambar kawai ya ɗauka, bai taɓa su ba. Suna nan a kwance a cikin wayar har jiya. Kwafe su kawai zan yi."

Sallau ya dubi Inna Zainaba. "Yaya, murya? Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Inna Zainaba ta kau da kai daga gare shi. Ikram take kallo. "Idan kin gyara za su dawo ko?"

Ikram ta durƙusa a gabanta, ta kifa kai a kan gwiwarta.

Sallau, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya juya ya kifa kansa a katanga yana kuka kamar yaro. Garin neman gira an rasa ido.

Ikram ba ta haƙura nan take ba. Ta kai wayar Kano, wurin abokan aikin Nasir. Suka kwana biyu a kanta, suka dawo mata da ita suna ba da haƙuri. Wayar Nasir ta mutu a gonar dawa, ta Inna an wanke, ba a taɓa yin ajiya ba. Bayan mako guda Ikram ta ƙwato lambar, ta sa mata makulli na biyu, aka sanar da jama'a. WhatsApp ya buɗe. Wurin da saƙonnin shekara guda da rabi suke, babu ko ɗaya.

Mai baƙar jaka kuwa har yau ba a gan shi ba. Ni dai na bar shi da Allah, don in na faɗi abin da ke raina za a rufe min shafi.

Ranar da Ikram za ta koma makaranta ta sauko da farin akwatin daga kan kabad, ta zauna a tabarma kusa da mahaifiyarta. Ta canja makullin shiga cikin akwatin kansa, wanda Sallau ya bari yadda kamfani ya rubuta a gindi. Ta raba Wi-Fi ɗin gida biyu, na gida da na baƙi, kowanne da kwaɗonsa. Na baƙin ta rubuta kalmarsa a kwali, ta ce duk wanda Inna ta sani ta nuna masa, duk wata kuma a canja.

"Sadakar tana nan, Inna. Ba a hana kowa ba. Sallama kawai za a riƙa yi."

Inna Zainaba ta gyaɗa kai. Ta rame a kwanakin nan. Da safe har yanzu tana tura ƙyaure ta ɗauki wayar, sai ta tuna, ta ajiye.

"Ikram," ta ce a hankali. "Jiya na so in tuna yadda yake cewa kin tashi lafiya. Maganar ta zo. Muryar ba ta zo ba."

Ikram ta sunkuyar da kai, ta goge ido da gefen hijabi. Don ta kawar da zancen sai ta ce, "Saura na gida. Sunan na bar shi Ɗanmalam. Wace kalmar sirri za mu sa? Doguwa, wadda ba wanda zai cinka."

Inna Zainaba tana kallon koriyar fitilar.

"Nasir," ta ce.

Hannun Ikram ya tsaya a kan wayar. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin wannan kalmar a wannan bakin ba.

"Inna... ba za a sa shi ba. Kowa ya san..."

"Ba kalmar sirri nake ba ki ba." Hawaye suna bin kumatunta, ba ta share ba, ba ta ja mayafi ba. "Sau ɗaya ya roƙa. Kullum sau ɗaya yake cewa. Ni kuma ina ce masa Allah ya shirye ka."

Ta juya ta fuskanci ƙofa, ta ɗaga murya yadda uwa ke kiran yaro daga tsakar gida in abinci ya sauka.

"Nasir!"

Kajin da ke bakin ƙofa suka watse. A waje, masu zaman dakali suka ɗago kai daga wayoyinsu. Fitilar akwatin tana ta ƙiftawa, ba wanda ya amsa.

Darasi: Kwaɗo a kan Wi-Fi ba rowa ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku sa wa na gida doguwar kalmar sirri wadda ba suna ba, ku buɗe wa baƙi nasu daban. In kun ga sunan da kuka sani a inda bai kamata ba, kuma babu kwaɗo, kada ku shiga. Lambobi shidan da ake turowa ba a ba kowa, ba a saka su a kowane shafi. Abin da kuke ƙauna a waya ku yi masa ajiya tun yau, kuma kada a yi filashin sai an tambayi mai ita sau biyu. Sannan duk wanda ke da kalmar da wani masoyinsa yake jira ya ji, ya faɗa masa tun yana iya amsawa. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu iyaye a gida da waya a hannu, ku kuma zauna ku karanta musu da bakinku.